Titin Lawanti ya fi kilomita uku, to lissafin tashi na mene ne?

Wani ƙanena ɗan Gombe da ke koyon tuƙin jirgi a kwalejin Zariya ya turo min tambaya, na ga gara in amsa ta a fili tunda na san ba shi kaɗai take damu ba. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Yaya Kyaftin barka da aiki. Don Allah wannan lissafin ƙarfin jirgi yana ba ni wahala, musamman densiti altitud. Kuma gaskiya ban ga amfaninsa ba in ba don jarabawa ba, titin jirginmu na Lawanti ya fi kilomita uku, ƙaramin jirgi kuwa ko mita 500 ba ya ci. Mene ne nawa na zama da kalkuleta kullum?"

Toh ƙanena, barka kadai, kuma na ji daɗi da ka faɗi abin da ke ranka, don da yawa haka suke tunani sai dai su yi shiru, su haddace, su ci jarabawa su watsar. Maganarka akwai gaskiya a ciki, in dai gudu a ƙasa ne kawai to Lawanti, filin jirgin Gombe, ya ishe ka har ya yi saura, haka sabon filin Bauchi da ke Durum. Amma tsawon titi matsala ɗaya tak yake warware maka, wato inda za ka yi gudu kafin taya ta bar kwalta. Daga nan kuma fa? Hawa sama ba ruwansa da tsawon titi, iskar da ke wurin ce za ta ɗauke ka ko ta ƙi. Sannan lasin ɗin da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, za ta ba ka ba a rubuta "Lawanti kaɗai" a jikinsa ba, wata rana ƙaramin fili na jar ƙasa za a tura ka, da itatuwa a ƙarshensa.

Bari in fara da abin da ka ce ya fi ɗaure maka kai. Jirgi bai san sunan gari ba, bai kuma san tsayin da aka rubuta a taswira ba, abin da ya sani shi ne kaurin iskar da yake ciki. Abu uku ne a jikinsa suke cin abinci da iska: inji yana shaƙarta ya ƙona mai da ita, farfela tana kamo ta ta tura baya, fiffike kuma a kanta yake kwanciya. In iska ta yi zafi sai ta buɗe, ƙwayoyinta su yi nesa da juna, kaga duk ukun nan lokaci guda za su ji yunwa. Hawa tudu ma haka yake yi mata. To densiti altitud ba wani abu bane illa amsar wannan tambayar: iskar da nake ciki yanzu, da a ce rana ce ta ma'auni, a wane tsayi zan same ta? Ranar ma'auni kuwa ita ce ISA ɗin da kuka karanta, zafi digiri 15 a bakin teku, matsin iska 1013.25, kuma duk ƙafa 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 2. Alƙaluman da ake tallan jirgi da su duk a kan wannan ranar aka gina su, mu kuma a Gombe ko Bauchi a watan Maris da Afrilu ina muka ga irin wannan rana?

Mu yi shi da filinku. Lawanti yana wajen ƙafa 1,600 sama da teku. A ce ƙarfe biyu na rana ne a watan Afrilu, rahoton NiMet, hukumar hasashen yanayi, ya ba ka zafi 40, QNH 1010, wato matsin iskar wurin in an mayar da shi na bakin teku. Matakin farko firesha altitud, wato tsayin filin bayan an gyara shi da matsin iskar ranar: ka cire 1010 daga 1013 saura 3, ka ninka da ƙafa 30 ya ba ka 90, ka ɗora a kan 1,600, a ce 1,700 kenan. In QNH ya fi 1013 ragewa za ka yi, nan ne ɗalibai ke yawan juya abin. Hanya mafi sauƙi in kana cikin jirgi, murɗa altimita, agogon tsayi, zuwa 1013 ka karanta abin da ta nuna, shikenan, amma ka tuna ka mayar da ita. Mataki na biyu, zafin da ya kamata a samu a ƙafa 1,700 a ranar ma'auni: 15 a cire 3.4, saura 11.6. Kai kuma 40 gare ka, bambanci 28.4. Kowane digiri ɗaya na bambancin nan ƙafa 120 ne, ka ninka za ka samu wajen 3,400, ka haɗa da 1,700 ɗin nan. Ƙafa 5,100.

Tsaya ka kalli lambar nan da kyau. Filin jirgin Jos da ke Heipang yana wajen ƙafa 4,200 ne. Wato kana zaune a Lawanti gumi na zuba, amma jirginka ji yake kamar an ɗora shi sama da tudun Jos da kusan ƙafa dubu. Yanzu dawo da shi safiyar hunturu a watan Janairu, zafi 14, QNH 1016, in ka bi matakan nan za ka samu wajen 1,750. Titi ɗaya, jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, amma bambancin ya haura ƙafa 3,300. Shi kansa Jos ɗin da ake yi wa kallon garin sanyi, ranar da zafi ya kai 32 lissafinsa yana wuce 7,200, shi ya sa duk ɗalibin da zai je can karon farko nake zaunar da shi mu yi lissafin tare. Damina ma tana da nata, iska mai laima ta fi busasshiya rashin kauri duk da jiki yana jin kamar ta fi nauyi, kuma yawancin jadawalin ƙananan jirage ba su saka laima a lissafi ba.

Me wannan ke yi wa jirgi? Zan yi misali da Cessna 172S saboda littafinsa ne ya fi yawo a hannun ɗalibai, amma ka ji ni da kyau, lambar da za ka tashi da ita daga littafin jirgin da kake ciki za ka ɗauko ta, POH ɗinsa, ba daga rubutuna ba. Injinsa ƙarfin doki 180 ne, kuma injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke matsa wa inji ƙarin iska) yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 a duk ƙafa 1,000 na densiti altitud. A 5,100 kashi 15 sun tafi, saura maka doki 153 ko kusa da haka tun kafin ka saki birki. A cikakken nauyinsa na laba 2,550, wato abin da ake rubutawa lb, littafin ya ce a bakin teku ranar ma'auni zai yi gudun ƙafa 960 a ƙasa, kuma yana buƙatar ƙafa 1,630 kafin ya haye abu mai tsayin ƙafa 50. Wannan 1,630 ɗin ita ce mita 500 ɗin da ka ambata, a nan ka samo ta. Amma buɗe jadawalin ka duba layin ƙafa 2,000 a zafi 40, wanda shi ne kusan yanayin Bauchi da rana tsaka a bazara: gudun ƙasa 1,380, hayewa 2,355, wato mita 718.

Ba a gama ba. Lambobin nan matuƙin gwaji ne ya samo su da sabon jirgi fil, titi busasshe mai kyau, ya taka birki ya ba da totur har ƙarshe kafin ya saki, ya riƙe gudun da aka ce daidai ba ƙari ba ragi. Jirgin makaranta da ɗalibai suka shekara da shekaru suna bugawa da ƙasa ba zai ba ka haka ba, hannunka ma bai kai nan ba tukuna. Shi ya sa hukumar jiragen sama ta Ingila take ba masu ƙananan jirage shawarar su ninka lissafin tashi da 1.33, na sauka da 1.43, ni ma da shi nake aiki kuma shi nake koyarwa. 2,355 sau 1.33 ya zama 3,130, wajen mita 955. Sai a ce kuma ka yi ƙyuyar zagayawa ɗaya bakin titin ka yarda ka tashi da 'yar iska not 4 a bayanka (not ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa), littafin ya ce duk not 2 na iskar baya ƙarin kashi 10 ne, kaga kashi 20 kenan, lissafi ya tashi kusan mita 1,150. Mita 500 ɗinka ta ninka har da ɗoriya, kuma ba abin da ya lalace a jirgin. Ka lura da rashin daidaiton, iskar gaba sai ta kai not 9 kafin ta rage maka kashi 10, ta baya kuwa not 2 kacal ta ƙara maka kashi 10. In kan busasshiyar ciyawa ne akwai ƙarin kashi 15 na gudun ƙasa.

Kuskure biyu nake yawan gani a wurin karanta jadawali. Na farko, ɗalibi ya wahala ya fitar da densiti altitud 5,100 sai ya shiga jadawalin da ita a layin tsayi, sannan ya sake zaɓar zafi 40, ya lissafa zafi sau biyu kenan. Jadawalin da ya tambaye ka zafi to firesha altitud yake so, shi zai yi sauran aikin da kansa. Na biyu, in lambarka ta faɗa tsakanin layi biyu, misali zafi 35, ko dai ka raba tsakani da kyau ko ka ɗauki layin da ya fi muni, kar ka taɓa zaɓar wanda ya fi maka daɗi. Wani abin kuma da ya shafe mu mu 'yan nan yankin, jadawalin 172S a digiri 40 ya tsaya, mu kuwa akwai ranakun da muke wuce nan, kuma zafin da ake ba ka a inuwa aka auna shi, iskar da ke kwance kan baƙar kwalta ta fi haka zafi. In ka fita daga jadawali to kamfanin da ya ƙera jirgin bai yi maka alƙawarin komai ba, ni a irin wannan ranar da ɗalibi jira nake sai la'asar sakaliya ko washegari da sassafe.

Yanzu ga inda dogon titinka ba zai taimake ka ba, wato hawa. 172S cike da kaya yana hawa ƙafa 730 a minti a bakin teku ranar ma'auni. A ƙafa 2,000 da zafi 40 yana komawa wajen 560. Amma dutse ko eriya ko turken wutar lantarki ba ruwansu da minti, tazara suka sani, don haka ka ninka hawan da 60 ka raba da gudunka a ƙasa ka ga ƙafa nawa kake samu a kowane mil na teku. Ranar ma'auni 730 sau 60 a raba da gudun hawa na not 74, wajen 590. Ranar zafi 560 sau 60 a raba da 80, 420. Me ya sa na sa 80 maimakon 74? Saboda a siririyar iska agogon gudu yana nuna maka lamba ɗaya amma ainihin gudunka ya fi haka da kusan kashi 2 cikin 100 a duk ƙafa 1,000. Kana hawa a hankali, kana kuma isa wurin dutsen da wuri. Wanda ya san Bauchi ya san yadda duwatsu suka kewaye ta. Kuma duk direban tirela da ya taɓa fitowa daga kwarin Gombe ya nufi hanyar Bauchi da lodin hatsi ya san cewa shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ya baro a baya ba ta rage masa komai a hawan.

Wannan abin ya taɓa faruwa da ni shi ya sa nake zafi a kansa. Wani ƙaramin fili ne na jar ƙasa, mu uku a jirgi da kaya, na yi lissafina tsaf da daddare a kan za mu tashi ƙarfe takwas na safe. Aka yi ta jiran mutum ɗaya har bayan azahar, ni kuma ban sake lissafin ba, takardar safe na riƙe. Jirgi ya yi ta gudu kamar ba zai tashi ba, da ya tashi kuma sai ya tsaya 'yan ƙafafu sama da ƙasa ya ƙi gaba, don kusa da ƙasa fiffike yana samun wani sauƙi da ke sa jirgi ya ɗaga tun bai kai gudun hawa ba. Ga giginya a gaba tana ƙara girma, hannuna yana so ya ja, ƙararrawar sitol, mai gargaɗin fiffike ya kusa daina ɗaukar jirgi, ta fara ƙara. Abin da malamina ya dasa min ne Allah ya sa ya zo min, na sauke hanci kaɗan na bar gudu ya taru sannan muka haye, da tazarar da har yau ba na son tunawa. Da na zauna daga baya na sake lissafin da zafin ƙarfe biyu, amsar tana nan ɓaro-ɓaro a jadawali, minti biyar ya ishe ni in gan ta kafin in tada inji. Tun ranar in lokacin tashi ya canza to lissafi ya mutu, sabo nake yi. Kuma kullum ina zaɓar alama a rabin titi, in ban kai kashi 70 cikin 100 na gudun ɗagawa a nan ba, totur baya, birki, a fasa. Wannan dokar ta ƙananan filaye ce, a titi irin na Lawanti alamarka ita ce inda lissafi ya ce ya kamata taya ta bar ƙasa, in ka wuce ta sosai kana ƙasa to wani abu ba daidai ba, kuma kana da wurin tsayawa.

Ka ce min kuna tashi da Diamond, to in DA40 NG ne injinsa na Austro yana da tabo kuma Jet A1, kananzir ɗin jirgi, yake sha, don haka ba ya asarar ƙarfi da wuri kamar na Cessna, ba ka kuma da aikin rage mai da hannu. Amma tabo inji kaɗai yake taimako, farfela da fiffike suna nan cikin siririyar iskarsu. Masu 172S kuwa littafin ya ce a filin da ya haura ƙafa 3,000 a rage cakuɗin mai kafin tashi har inji ya ba da juyinsa mafi yawa, ka tambayi malaminka yadda makarantarku ta tsara wannan a ranakun zafi.

Sai nauyi, wanda shi ne kaɗai a cikin duk abubuwan nan yake hannunka ɗari bisa ɗari. Kujera huɗu ba ta nufin mutum huɗu. A ce jirgin ba kowa ba mai yana laba 1,680, kowane jirgi da takardar awonsa, saura maka 870 kafin 2,550. Cikakken tanki galan 53 ne na man da ake iya amfani da shi, kowane galan na afgas, fetur ɗin jirgi, laba 6, 318 kenan, saura 552, wato kilo 250. Ku huɗu masu kilo 75 kilo 300 ne, kun wuce da kilo 50 ba a ma sa jaka ko ɗaya ba. Ko dai a rage mai in tafiyar ta yarda, ko mutum ɗaya ya haƙura. Na san al'adarmu, da wuya ka kalli babba ka tambaye shi nauyinsa, ko ka ce a sauke buhun tsarabar da aka ba shi, amma ka koyi faɗa cikin ladabi tun yanzu, "ranka ya daɗe jirgin ne ba zai ɗauka ba". Ƙarin kashi 10 na nauyi yana ƙara tazarar tashi da kusan kashi 20. Inda aka ajiye kayan ma magana ce, kurar 'yan ga-ruwa in aka jera jarkoki duk a baya ai ka ga yadda gabanta ke ɗagawa. Lissafin ba wuya, nauyin kowane abu sau nisansa daga ma'aunin farawa, wato wurin da ake fara awo daga shi a jikin jirgi, ka tara, ka raba da jimillar nauyi. A 172S kujerun gaba suna inci 37, mai 48, kujerun baya 73, ma'ajiyar kaya 95, kuma bai kamata amsar ta wuce 47.3 ta baya ba. Laba 20 a ma'ajiyar kaya ta fi laba 50 a kujerar gaba tasiri a wannan lissafin. In nauyi ya koma baya da yawa hanci zai riƙa ɗagawa da kansa, in jirgi ya yi sitol kuma da wuya ya yarda ya sauke kai. Ka yi lissafin sau biyu, na tashi da na sauka bayan mai ya ragu.

Ka kiyayi ma'aunai don a ƙasar nan muna cakuɗa su sosai, mai a lita ake sayar maka, littafi yana magana da galan da laba, fasinja ya san kilonsa, tsawon titi a mita, jadawali a ƙafa. Litar afgas kilo 0.72 ce, ta Jet A1 wajen 0.8, galan ɗin Amurka lita 3.785, kilo ɗaya laba 2.2. A watan Yulin 1983 wani Boeing 767 na Air Canada mai ya ƙare masa a sama saboda an yi lissafin man da laba a maimakon kilo, sai lallaɓawa matuƙan suka yi ba inji suka sauka a wani tsohon filin soja a Gimli da ke Kanada. Ƙwararru ne ba ɗalibai ba. Rubuta ma'auni kusa da kowace lamba, ko da kana ganin ɓata lokaci ne.

Sauka ba zan daɗe a kanta ba don tunanin ɗaya ne. Gudun da za ka riƙe a agogo bai canza ba, kar ka ƙara komai wai don ana zafi, amma ka sani a ƙasa ka fi sauri don haka za ka ci titi fiye da na safe, ga 1.43 ɗin nan. Iskar gefe kuma yi amfani da fuskar agogo, bambancin digiri 15 tsakanin iska da titi kwata, 30 rabi, 45 kashi uku cikin huɗu, 60 zuwa sama ka ɗauke ta duka. Not 15 da ke littafin 172S abin da aka gwada ne, iyakar ɗalibi tana ƙasa da haka kuma malaminka ne zai yanka maka ita.

Ga aikin da zan ba ka. Sati ɗaya, kullum ka ɗauki rahoton yanayi sau biyu, ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe biyu na rana, ka fitar da densiti altitud da hannu ba da manhajar waya ba, sannan ka duba tazarar tashi da hawan jirginku a kowanne. Duk ranar da kuka tashi kuma ka lura da inda taya ta bar ƙasa, fitila ta nawa ko wace mahaɗa, ka gwada da abin da takardarka ta ce. Turo min abin da ka samu ranar Juma'a mu duba tare, kuma ka haɗo da hoton shafin jadawalin da ka yi amfani da shi don in ga layin da kake bi. Allah ya ba da sa'a, ka gaida mutanen gida.